Neman motar da Auta za ta shiga da kekenta

8 ga Janairu, 2024

Yau bayan Maman yara ya riƙe a wurin ajiye motoci na asibiti. Ta sunkuya za ta ciro Auta daga kujerar baya, ta ɗago ta rabi, sai ta tsaya cak, ba gaba ba baya. Na zagayo da gudu na karɓi yarinyar. Da muka dawo gida ta kwanta a ƙasa, ta ce min, "Baban yara, ba zan iya kai wa baɗi a haka ba." Shekara tara tana ɗaukar yarinyar nan, ban taɓa jin ta faɗi haka ba.

Auta tana da larurar galahanga tun haihuwa. Ba ta zama da kanta sai da abin da zai tallafe mata baya da kai, kuma farfaɗiya kan taso mata jefi-jefi. Nauyinta yanzu kilo 27. Kujerar yara da muke ɗaure ta a ciki a mota ta yi mata kaɗan, kafaɗunta sun wuce ramukan bel. Kekenta kuma ba ya naɗewa, sai an raba shi biyu, mazauni daban ƙafafu daban, a cusa a but. Kowace fita ɗauka huɗu ce: daga keke zuwa mota, daga mota zuwa keke, sannan a maimaita a dawowa. Na zauna na lissafa wuraren da muka fasa zuwa bara saboda wannan wahalar, na ji kunyar kaina. A hankali, ba tare da kowa ya yanke shawara ba, Auta ta koma 'yar zaman gida sai ranar asibiti.

Mun yanke cewa za mu nemi motar da za a tura ta ciki tana zaune a kekenta. Zan riƙa rubuta abin da ya gudana a nan, don kada in manta, kuma don wanda zai bi wannan hanyar bayanmu ya samu sawu.

21 ga Janairu

Na je wa likitar gashin ƙashi da hotunan motoci uku a waya. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, ajiye wayar tukuna, ɗauko min tef ɗin awo."

Ga abin da muka auna Auta tana zaune a keke: daga ƙasa zuwa tsakar kanta santimita 116, faɗin keken daga taya zuwa taya 61, tsawonsa daga hannun turawa zuwa ƙarshen yatsun ƙafarta 104. Nauyin keken kilo 23. Likita ta sa na rubuta, sannan ta ce in ja layi a ƙarƙashi in rubuta cewa waɗannan lambobin na yau ne. Yarinya 'yar shekara tara tana gab da shekarun da tsawo ke zuwa da sauri, motar kuma muna so ta kai mu shekara bakwai ko takwas. Keken da za ta zauna a ciki tana 'yar sha biyar shi ya kamata ya shiga motar.

Daga nan ta durƙusa tana leƙa ƙarafan keken, gaba da baya. Tana neman wata 'yar alama mai hoton ƙugiya, wadda ake mannawa a wurare huɗu a jikin keken da aka ƙera don a zauna cikinsa a mota. Babu ita a namu. Ta duba takardar da ke manne a ƙarƙashin mazauni, babu lambar ISO 7176-19, wato ma'aunin duniya na keken da ya ci gwajin karo. Ta ce ko da mun samu motar gobe, ba za ta sa hannu a ɗaure Auta a wannan keken ba.

Na fito jikina a sanyaye. Na zo neman mota, na koma da buƙatar sabon keke a kai.

4 ga Fabrairu

Mako biyu ina karatu da dare. Na so in gane dalilin da ya sa likita ta kafe, kada in bi ta ido rufe ina jin haushi a zuci.

Gwajin da ake yi wa keken shi ne a ɗaure shi a kan wani dandamali da mutum-mutumi a ciki, a kwaikwayi karon gaba a gudun kilomita 48 a awa, inda ƙarfin tsayawar ke kai wa ninki 20 na nauyin abu. Gudun kilomita 48 gudun cikin gari ne, kowa na yin sa kullum. Na ɗauki biro: kilo 27 na Auta sau 20 ya ba da 540. In aka haɗa da keken, kilo 50 sau 20, tan guda ke nan yake fizgar abin da aka ɗaure shi da shi. Babu hannun uwa da zai riƙe wannan, kuma birkin keke ba a yi shi don haka ba.

Su ma maɗauran da ke riƙe keken a daɓen mota suna da nasu ma'aunin, ISO 10542. Guda huɗu ne, biyu gaba biyu baya, kowanne da ƙugiyarsa da ke kama ƙarfen keken mai ƙwari, ba taya ba, ba wurin ɗora ƙafa ba, ba duk wani abu da ke cirewa ba. Bayan su akwai bel na mutum, wanda ke fitowa daga jikin motar: ɗaya a ƙugu, ɗaya a kafaɗa. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne sanin cewa bel ɗin da ke jikin kekenta, wanda nake ganin ya riƙe ta tsaf, na gyaran zama ne kawai. A karo zai iya tsinkewa, ko ya nutse mata a ciki.

Masana sun yarda cewa yaron da zai iya zama a kujerar mota da ta dace da shi, can ya fi masa aminci. Na tambayi likita a waya ko akwai babbar kujera ta musamman da za ta ɗauki Auta. Ta ce akwai, amma ɗaukar nan huɗu tana nan daram, kuma yarinyar girma take yi. Mun rufe wannan babin.

18 ga Fabrairu

Nau'in motocin, a taƙaice yadda na fahimta. Akwai ƙanana da ake yi daga irin su Citroën Berlingo, Peugeot Rifter, Volkswagen Caddy da Renault Kangoo: a yanke daɓen baya a saukar da shi, a sa allon gangara da ke naɗewa a ƙofar but. Akwai matsakaita irin Toyota Sienna da ake yawan yi wa ƙofar gefe a Amurka. Akwai manya irin Volkswagen Transporter, Ford Tourneo Custom da Toyota Hiace, waɗanda wasu ake sa musu na'urar ɗagawa a maimakon gangara. Toyota ma tana da jerin da take kira Welcab a Japan, waɗanda ke fitowa da shirin keke tun daga kamfani.

Shiga ta gefe tana son fili a gefen mota, shiga ta baya tana son fili a baya. Na'urar ɗagawa tana hutar da mai turawa, amma injin ne, yana son kulawa, kuma ranar da ya ƙi aiki yarinya tana ciki, dole a san yadda ake sauke shi da hannu. Na fi karkata ga gangara da ɗan injin ja wanda ke taimakawa wurin hawa. Mota mai lantarki na cire ta daga lissafi tun yanzu, batirinta a shimfiɗe yake a ƙarƙashin daɓen da ake son yankewa, shi ya sa waɗanda aka gyara ba su da yawa.

Mu shida ne in an ƙirga keken a matsayin mutum: ni, Maman yara, yayyenta maza biyu, Auta da abin zamanta. Kujeru huɗu da gurbin keke. Wannan kaɗai ya zubar da rabin motocin da na ajiye hotunansu.

10 ga Maris

Maganar kuɗi. Na daɗe ina kauce mata.

Na raba buƙatar gida huɗu: sabon keke, motar kanta, gyaran da ke sa keke ya shiga, sai abin da ke biyo baya, wato inshora, rajista da kulawar shekarar farko. Na huɗun nan shi mutane ke mantawa, sai mota ta zo ta tsaya a ƙofar gida. Da na tara abin da muke da shi, ajiyarmu da abin da tsohuwar motar za ta kawo in an sayar, bai wuce kashi 40 cikin 100 ba.

Na karanta yadda wasu ƙasashe ke yi. A Birtaniya akwai shirin Motability, tun 1977, inda iyali ke miƙa alawus ɗin zirga-zirgar da gwamnati ke ba mai larura, a ba su hayar mota, ta keke yawanci na shekara biyar, da inshora da gyara a ciki. Yaro daga shekara uku zai iya shiga in yana karɓar babban matakin alawus ɗin, kodayake motocin keke sukan buƙaci a biya wani kuɗi a gaba. A Ostareliya shirin NDIS, na gwamnati mai tallafa wa masu larura, yakan biya kuɗin gyaran mota, amma sayen motar na iyali ne. Wannan bambancin, tsakanin mai biyan mota da mai biyan gyara, na lura yana ko'ina, har a ƙungiyoyin agaji. Wanda zai nemi taimako ya fara tambayar wanne daga ciki ake bayarwa.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda aka amince da ita a 2006 ta fara aiki a 2008, ta ce a sashe na 20 ƙasashe su sauƙaƙa wa mai larura zirga-zirga ta yadda yake so, a lokacin da yake so, da kuɗin da zai iya biya. Na karanta wannan layin sau uku. Ya taimake ni ta wata fuska da ban zata ba: na daina jin kamar bara zan fita yi. Fitar Auta daga gida haƙƙinta ne, ni kuma aikina in nemo hanyarsa.

Da daddare na kira Yaya na faɗa masa komai da lambobinsa. Ya yi shiru, ya ce, "Me ya sa sai yanzu kake faɗa min?" Ya ce zai tara 'yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

24 ga Maris

Mun miƙa takardu ga ƙungiyoyin agaji biyu. Kowacce ta nemi wasiƙar likita, shaidar abin da muke samu, da takardar ƙiyasin kuɗi daga masu sayarwa biyu. Likita ta rubuta wasiƙar da kyau: ta sa nauyi, ta sa awo, ta sa ciwon bayan uwar, ta sa ranakun asibiti da aka rasa. An kuma ba da odar sabon keken da kuɗin ajiyarmu.

14 ga Afrilu

Wannan makon ya yi min nauyi, kuma ina so in rubuta shi da adalci.

Wani ɗan'uwa da ke ƙaunarmu da gaske ya zo da shawara. Ya san mai walda gwani. A sayi bas ƙarama ta hannu, a cire kujerun baya, a ƙera gangara da ƙarfe, a walda zobba huɗu a daɓe, a ɗaure keken da igiyar ɗaure kaya. Ya lissafa min, bai kai rabin abin da muke nema ba, kuma cikin wata guda Auta za ta fara fita. Maman yara tana zaune tana ji, hannunta a bayanta. Wallahi na ji zuciyata ta karkata.

Na kwana ina juya tan gudan nan a kaina. Daɓen mota falle ne na ƙarfe marar kauri. Masu gyara na gaskiya suna sa faranti mai ƙarfi a ƙarƙashi, su ɗaure da ƙusoshi masu daraja, sannan a gwada irin wannan gyaran a ja shi da ƙarfin da ya kai na karo. Zoben da aka walda zai riƙe keken a kwana da birki na kullum, har mutum ya saki jiki, kuma ba wanda zai san iyakarsa sai ranar da ba a son sani. Ga bel na kafaɗa, wanda ke son wurin kamawa a saman jikin motar daidai da inda keken yake. Gangarar kam mai walda zai iya ƙera ta, ban musa ba. Abin da zai riƙe 'yata a karo ne ba zan ba wa wanda bai taɓa gwada shi ba, komai gwanintarsa.

Na faɗa masa haka da safe. Ransa bai yi daɗi ba, ya ce na ɗauko tsarin masu kuɗi na ɗora wa kaina. Wataƙila da gaskiyarsa ta wani ɓangaren, domin na san iyalai da yawa ba su da zaɓin da ya wuce wannan, kuma ba na ganin laifinsu ko kaɗan. Amma ni an riga an nuna min lissafin, ba zan iya mayar da kaina wanda bai sani ba.

5 ga Mayu

Gwajin farko. Wani mai sayarwa yana da ƙaramar mota mai gangarar baya, ya yarda mu zo da Auta. Gani ya kori ji.

A takarda komai ya yi. Ƙofar ta ba ta tazara mai kyau a saman kai, faɗin gangarar ya ɗauki keken. Da muka tura ta ciki sai matsalolin suka fito ɗaya bayan ɗaya. Gurbin keken yana can ƙarshe, bayan kujerun tsakiya, a kan tayoyin baya. Idonta ya zo daidai da ƙarfen saman taga, ba ta ganin komai sai rufi da bayan kujera. Daɓen a karkace yake, keken ya ɗan kwanta baya. Da muka hau titi, duk ramin da muka taka sai in ga kanta ya girgiza a madubi. Minti goma ta fara kuka, Maman yara ta miƙa hannu ta baya ba ta kai gare ta ba.

Nan na gane abin da ban rubuta a jerin buƙatunmu ba. In farfaɗiya ta taso mata a hanya, ko ta ƙware da miyau, dole wani ya kasance kusa da ita a daƙiƙar. Ba ma son motar da za ta ɗauke ta kamar kaya a but. Mai motar ya yi ta cewa, "Alhaji, za ta saba." Na yi masa godiya muka tafi.

Sabon sharaɗi: kujerar babba a gefen keken, taga a daidai idonta, daɓe shimfiɗaɗɗe.

26 ga Mayu

Ƙungiya ɗaya ta ba da haƙuri, kuɗinsu na bana ya ƙare. Ta biyun ta ce tana biyan gyara da kayan ɗauri kawai, kuma da sharaɗin kada mu sayi komai kafin su amince a rubuce. Allah Ya sa ban ba da kafin alƙalami a motar farko ba, da mun fita daga layinsu. Ɗan'uwana mai shawarar walda ya aiko da gudummawarsa ta hannun Yaya, bai ce komai ba. Na kira shi, mun daɗe muna hira.

16 ga Yuni

Babban yayanta ya kawo shawarar a buɗe neman taimako a intanet. Ya ce irin waɗannan shafukan sai da hoto da bidiyo, kuma wanda ya fi taɓa zuciya shi ya fi tara kuɗi. Ya nuna min wasu. Yara a gadon asibiti, yara suna kuka, an bayyana duk abin da ke damunsu har da abin da bai kamata baƙo ya sani ba.

Mun yi kwana uku muna muhawara a gidan. Auta ba ta magana sosai, amma tana ganewa, kuma wata rana za ta zama budurwa, hoton kuwa ba ya gogewa. Ba za ta iya ce mana e ko a'a a kan wannan ba, saboda haka nauyin ya dawo kanmu. Maman yara ce ta yanke: hoto ɗaya, wanda take dariya sanye da kayanta masu kyau, bayanin larura layi biyu, sauran duka lissafi ne, abin da ake nema, abin da muka tara, abin da ya rage, da alkawarin nuna rasit. Ba a bainar jama'a muka saka ba, mun tura wa dangi, abokan aiki da abokan karatu.

Na san da mun bi ɗaya hanyar da an fi samu. Ban yi nadama ba.

14 ga Yuli

Sabon keke ya iso, da alamar ƙugiya a kusurwa huɗu da madogarin kai mai ƙwari. Mun sake awo: daga ƙasa zuwa tsakar kanta 121, faɗi 64, tsawo daga baya zuwa gaba 110. Ya fi tsohon ta kowace fuska. Da na sayi mota da awon Janairu, da yanzu ina cizon yatsa. Kuɗi ya kai kashi 70.

11 ga Agusta

Mun samu wadda ta yi kama da tamu: matsakaiciya, ta hannu, shekararta shida, gyaran kamfanin da ke da takardar shaida. Gangara a baya, gurbin keken yana shigowa har tsakiyar motar, kujera ɗaya a gefensa, wata a bayanta. Auta ta shiga, ta juya kai ta ga titi ta taga, ta yi wannan ƙarar da take yi in abu ya burge ta. Na hana kaina murna sai bakanike ya gani.

Na kai ta wurin wanda na yarda da shi, ya sa ta a rami muka shiga tare da fitila. Motar da aka saukar wa daɓe, a ƙasa labarinta yake. Ya nuna min inda aka yanke aka haɗa, ya bi layin da yatsa yana neman tsatsa, ya samu kaɗan a kusurwa ɗaya, bai ci ƙarfe ba. Tankin mai ba na asali ba ne, an canza shi don a samu wuri, kuma ya fi na asali ƙanƙanta. An karkatar da salansa. Safaya taya babu, gurbinta ya tafi. Ya ce, "Alhaji, cikinta ya matso ƙasa, ka riƙa lallaɓa ta a kan tudun rage gudu, in ba haka ba za ka riƙa jin ta." Akwai tabon gogewa a ƙasan da ke nuna mai ita na da bai lallaɓa ba.

A ciki na zaro maɗauran huɗu har ƙarshe. Biyu na baya sun fara zarewa a gefe, ɗaya kuma ba ya kullewa sai an jijjiga shi. Na tambaya ko motar ta taɓa karo, domin maɗaurin da ya sha karo ba a sake amfani da shi ko da ido bai ga lahani ba. Mai ita ya ce a'a, bakanike ma bai ga alama ba, amma na riga na yanke cewa sababbi za a sa gaba ɗaya har da bel. Wannan shi ne abin da ƙungiyar ta ce tana biya. Na tura musu hotuna da kwafin takardar gyaran a daren.

8 ga Satumba

Amincewarsu ta zo a rubuce. Mun sayar da tsohuwar motar, ƙasa da yadda na sa rai, saboda ina sauri kuma mai saye ya lura. Gibin da ya rage, wajen kashi 12, na karɓi rance marar ruwa a wurin aiki, za a riƙa cira daga albashi na wata 18. Na zauna da Maman yara mun duba ko za mu iya rayuwa da abin da zai saura. Za mu iya, da ƙyar.

Wurin inshora na bayyana musu duk gyaran da aka yi wa motar, na sa suka rubuta shi a takarda, har da gangara da injin ja. In ba a faɗa ba, ranar da abu ya faru za su iya cewa ba wannan motar suka sani ba, ko su biya kuɗin mota zalla su bar gyaran. Na kuma tambaya ko keken yana cikin abin da suka ɗauka in ya lalace a mota. Ba ya ciki. Na rubuta shi a jerin abin da zan bi.

6 ga Oktoba

Motar tana ƙofar gida tun shekaranjiya. Jiya likita ta zo da kanta, a ranar hutunta, ta koya mana ɗauri. Ta sa kowa ya yi da hannunsa, har yaran.

Keken yana fuskantar gaba, a tsakiyar gurbinsa, a ja birki. A kama na gaba biyu, sannan na baya biyu, a ɗame su har keken ya daina motsi in an girgiza shi. Kada maɗauri ya murɗe, kada ya bi ta cikin taya. A cire tiren da ke gabanta a ajiye shi inda ba zai tashi ba. Bayan keken kada ya kwanta fiye da digiri 30 daga tsaye, in ba haka ba za ta iya zamewa ta ƙarƙashin bel. Bel na ƙugu ya bi ta ƙarƙashin madogarin hannu ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, ya taɓa jikinta, kada ya hau ciki. Na kafaɗa ya ratsa tsakiyar kafaɗa da ƙirji, ba wuya ba. A karon farko na ɗora bel ɗin ta saman madogarin hannu, ya tsaya nesa da jikinta. Likita ta ce wannan ne kuskuren da ta fi gani, ta sa na kwance na sake har sau uku.

Na farko ya ɗauke ni minti tara. Ƙaramin yayanta ya fi kowa saurin kamawa, yanzu shi ke duba na baya.

Da yamma muka fita, ba asibiti ba, ba ko'ina ba, zagaye kawai. Maman yara tana gefenta riƙe da hannunta. Ba wanda ya ɗauki kowa. A madubi ina ganin kan Auta yana bin motocin da ke wucewa, har ta gaji ta yi barci.

10 ga Nuwamba

Wata guda. Ɗauri ya dawo minti uku. Mun fita sau 14, huɗu ne kawai na asibiti. Maman yara ta fara fita da ita ita kaɗai, injin ja yana hawar da keken, ita tana riƙe da hannun turawa kawai.

Matsalolin da suka fito: sau biyu an yi fakin dab da bayanmu, gangara ba ta samu wurin sauka ba, sai da na matsar da motar zuwa tsakiyar hanya. Na auna, muna buƙatar kusan mita uku a baya, na sa an buga takarda mai alamar keke na manna a gilashi. Ƙasan ya gogi tudu sau ɗaya. Yashi yana taruwa a layin ƙarfen da maɗaurai ke kamawa, sai an share duk mako. Iskar sanyi ba ta kai wa gurbinta sosai, kuma ita ba ta iya cewa zafi take ji, saboda haka uwar kan taɓa wuyanta a hanya, ni kuma ina neman ƙaramar fanka da za a kafe da kyau. Na sa abin yanka bel a inda hannun direba da na mai zama gefenta za su kai, mun kuma gwada fitar da ita in injin ja ya mutu.

Na tura wa duk wanda ya ba da gudummawa rasit da hoton motar. Saura rancen wata 16, inshorar keken, da safaya taya da har yanzu ban samo mata wurin zama ba. Likita ta ce mu dawo a sake auna Auta a watan Afrilu.